Allura ta Ashirin da Takwas

Tun asuba ake ruwa a Quellón,
irin ruwan tsibirinmu, ba sallama, ba ban kwana.
Kakana Heriberto ya farke cikin injin kwalekwale,
ya jera kayan cikin a kan tsohuwar jarida
kamar mahaucin da ba ya ha'inci.

A wuyan sandar da ke tura fistan
akwai boris, amma ba mai ƙwallaye ba.
Allurai ne marasa ido, marasa tsini,
ko maɓalli ba su taɓa ɗinkawa ba.
Kafaɗa da kafaɗa suke kwanciya su kewaye ƙarfe
a ƙuncin da ƙwallo ba zai samu masauki ba.
Kaka ya ce ƙwallo da tsinin yatsa yake tallafar kaya,
allura kuwa da dukan gadon bayanta.

Ni na wanke su da kananzir a gwangwanin kifi.
Shi ya shafa giris, yana manna su ɗaya ɗaya,
leɓensa na motsi.
Ya ƙirga. Ya goge tabarau. Ya sake.
Ashirin da bakwai.

Nelson Chiguay na bakin ƙofa, ruwa na ɗiga daga hularsa,
komarsa na can a teku tun shekaranjiya.
"Don Heriberto, ɗaya ce fa!
Ɗaura hakanan, teku za ta janye da ƙarfe huɗu."
Kaka bai ɗago ba.
"Giɓin ɗaya ya ishi sauran su karkace.
In sun karkace sai su ciji juna,
kuma ba nan gaban shagona za su yi ba,
sai ka wuce Laitec, inda ihu ba ya da amfani."

Na ɗauko maganaɗisun tsohuwar rediyo, ya riƙe hannuna.
Allurar da ta sha maganaɗisu, in ji shi,
duk garin ƙarfen inji ita zai bi, har ya cinye ta.
Sai muka durƙusa da tocila.
Na samo ƙugiya, da kwabon da aka daina karɓa,
da haƙorin zarto, da gawar gizo-gizo.
Nelson ma ya durƙusa yana ƙunƙuni,
ƙato guda, yana laluben abin da bai kai farcensa ba.

Can na gan ta.
Ba a ƙasa ba.
Tana manne da giris a gefen tafin Kaka,
hannun da a da yake gane tsagar da ido bai gani ba,
yau ƙarfe na kwance a jikinsa, bai ji ba.

Na ce, "Kaka, matsa, ka tare mini haske."
Na dafa hannunsa kamar mai neman tashi,
na zare ta,
na sunkuya ƙarƙashin benci, na ƙirga biyar a zuci,
sannan na yi ihu.

Ta shiga gurbinta, da'ira ta rufe,
ko gashi ba zai ratsa ba.
Uku da rabi inji ya yi tari, ya kama,
sau dubbai a minti suna birgima a cikin duhu,
ba wanda zai sake tuna su sai ran da suka gaza.
Nelson ya bar mana kifi biyu da alkawarin kuɗi.

Da dare, gaban murhu, Kaka na juya tafinsa a hasken wuta.
Ya daɗe yana duban ɗan layin da ya rage a giris,
siriri, miƙaƙƙe.
Bai dube ni ba ya ce,
"Yasna, akwai injin Mansilla gobe.
Ni zan wanke.
Ke za ki jera."